Shekarun da Baba Ya Yi Ƙiba

Tun da na buɗe ido na san mahaifina siririn mutum ne. Dogo ne, mai tsagar Gobirawa a kumatu, idan ya sa riga sai ka ce a kan kara aka rataya ta. A Turba aka haife shi, a can kuma ya yi noma har furfura ta cika masa gemu: gero da dawa a gonar tudu, wake a tsakaninsu, da 'yar fadamar da yake dasa albasa da rani. Ba ya kiran sunana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Uwata yake ce mini, ko da faɗa zai yi mini.

Aure ya kai ni Isa, inda maigidana yake koyarwa a firamare. Ba nisa ba ne, don haka nakan leƙa gida duk lokacin da na samu sarari. A irin wannan zuwa ne na fara lura Baba yana dafa bango kafin ya tashi daga tabarma. Gwiwoyinsa ne suka fara ciwo, ta dama ta fi tsanani. An shafa man kaɗe, an dafa sassaƙe, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, duk sai ya ɗan lafa ya dawo. Aikin gona bai dame shi kamar sallah ba. Mutumin da ya saba tsayawa a sahun gaba, ya koma gefen bango yana sallah a zaune kusa da tsofaffin da suka girme shi. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma Inna ta ce mini in ya dawo daga masallaci ba ya son magana.

Akwai wani mai babur da yake shigowa da kaya ta wajen Burkusuma, can bakin iyaka, taliya da sabulu da ganyen shayi da 'yan magunguna a cikin jaka. Wata ranar kasuwa a Sabon Birni ya ga Baba yana ɗingishi, ya tambaye shi, ya ciro masa wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana a takardar da aka yi wa rubutun Faransanci. Ya ce tsofaffi a hayin iyaka su suke sha. Baba ya karɓa ya sha.

Ba a daɗe ba ciwon ya yi shiru. Daminar nan Baba ya yi noma kamar saurayi, har yayana da yake taya shi ya riƙa ƙorafin ba ya iya cim masa a kunya. Ya koma sahun gaba. Sai kuma ci ya buɗe. Wanda a da sai Inna ta yi ta lallashi kafin ya gama malmala guda, ya koma yana tambayar ɗumame tun kafin rana ta fito, ya sha fura da hantsi, ya dawo yana leƙen tukunya. Kafin a gama ɗaure damman gero fuskarsa ta cika ta yi zagaye, wuyansa ya yi kauri, ga ciki ya turo riga. Sai da aka sake masa zariyar wando.

Mutanen gari suka yi ta yi masa barka. A wajenmu idan dattijo ya yi jiki, cewa ake hankalinsa ya kwanta, 'ya'ya sun girma, rumbu ya cika. Wadda ta fi kowa jin daɗi ita ce Inna. Shekaru da yawa dangin Baba suna yi mata habaici a wajen biki da suna, wai ɗan'uwansu kamar ba a girki a gidansa. Ranar da na je na tarar da shi zaune a zaure ya cika tabarma, ta ja ni ɗaki tana murmushi.

"Kin ga babanku?" ta ce. "Yanzu sai su nemi abin faɗi."

Ni ma na yi murna. Ban san wani abu ba sai murna.

A shekara ta biyu ne abubuwa suka fara ba ni mamaki. Baba ba ya rabuwa da buta da kwanon ruwa. Ya sha, ya zagaya, ya dawo ya sake sha. Ganyen dawa ya yanke shi a hannu, ɗan yankan da a da ko kallonsa ba zai yi ba, ya ƙi warkewa har aka yi girbi. Fatar hannunsa ta yi laushi, abu kaɗan ya buge shi sai wurin ya yi baƙi. Ya zama mai saurin fushi, shi da aka sani da haƙuri. Na kuma ga yana fama kafin ya hau jaki, duk da gwiwar ba ta ciwo.

Baba yana da aboki Bafulatani tun na ƙuruciya, wanda shanunsa suke kwana a gonarmu bayan girbi. Baffa muke ce masa. Wata rana ina gida ya zo, suna zaune a inuwa Baba ya naɗe wando yana alwala. Baffa ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Aboki," ya ce, "in saniya ta yi ƙiba, cinya ka fara cika. Kai cikinka ya yi gaba, ƙafa ta yi baya. Ni ban gane ma wagga ƙiba ba."

Baba ya yi dariya ya ce hassada ce ta wanda iska ke ɗauka. Baffa ma ya yi dariya, suka koma zancen ruwan sama. Amma maganar ta zauna mini.

Ana nan sai maigidana ya dawo daga sallar Juma'a ya ce an yi sanarwa. Wasu likitoci sun zo daga Sakkwato za su zauna a asibitin Isa na ɗan lokaci. Bincike suke yi a kan ƙiba da ciwon suga da hawan jini, suna son su gane yadda cututtukan da aka saba jinsu ga mutanen birni suka fara shiga gidajen manoma. Suna neman manya, maza da mata, na gari da na ƙauye, a auna su kyauta, wanda aka samu da ciwo a duba shi.

Na san idan na ce wa Baba ya zo a duba lafiyarsa, zai ce lafiyarsa lau. Da na je Turba sai na ba shi labarin kawai, na ce har kan sikeli ake ɗora mutum.

"Kamar buhun albasa?" ya ce.

Na ce kamar buhun albasa.

Ya shafa cikinsa. Bai taɓa hawa sikeli ba a rayuwarsa, kuma ina ganin ya so a ce wani mai ilimi ya tabbatar masa da abin da mutanen gari suke faɗa. Ya ce, "To, Uwata, za ni zo. Su ga yadda manomi ka cika."

Ya zo da yamma ya kwana a wurinmu, don an ce kada a ci komai da safe kafin awo. Ya yi ta mita a hanya, wai azumi ne marar lada. Mun tarar da mutane zaune a benci ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta yi bayani da Hausa: abin da za a auna, ɗan jinin da za a ɗiba, da cewa ba dole, wanda bai so ba ya tashi ya tafi ba wanda zai ji haushinsa, kuma ba za a faɗi sunan kowa a waje ba. Wani tsoho da ke kusa da Baba ya raɗa masa cewa shi ya ji sayar da jinin ake yi. Baba ba ya iya riƙe irin wannan magana a ciki. Ya ɗaga hannu ya tambaya a gaban kowa. Ma'aikaciyar ba ta ɓata rai ba. Ta shiga ta fito da 'yar kwalbar ta ɗaga, ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Baba, ga shi. Wanga ko sauron damina ya fi mu ɗiba."

Aka yi dariya, tsohon ma ya zauna.

Da layi ya zo kanmu aka auna tsawonsa, aka ɗora shi a sikeli, wani namiji ya shiga da shi bayan labule ya zagaya masa igiyar awo a ciki. Aka ɗaura masa abin awon jini a dantse, aka tsaga masa yatsa. Yana ta fara'a yana jan ma'aikatan da wasa. Daga nan aka tura mu ɗakin likita.

Mace ce, ba ta girme ni sosai ba, da farar riga a kan hijabinta, harshenta na Sakkwato. Ta gaishe shi da ladabi, ta dubi takardar awon, sannan ta ajiye ta ta dube shi shi kansa. Ta ce ya miƙo hannuwansa. Ta ce ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ta ce ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa komai ba. Ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, sai da ya dafa tebur. Ta tambaye shi ko akwai zane-zane a fatar cikinsa. Ya kawar da kai saboda ina wurin, ya ce akwai, ja-ja, kamar na mai jego.

"Baba, akwai maganin da kaka sha kullum?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar ƙwayoyin ya ajiye mata da alfahari. Ya ce wannan ne ya mayar da shi gona, ya mayar da shi sahun gaba. Ta juya takardar ta karanta. Ta tambayi tun yaushe, ya ce damina biyu ke nan, ga ta uku tana shirin kamawa.

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma nuna firgita ba. Ta jawo kujerarta kusa ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da Allah ya halitta, yana fitar da wani sinadari cikin jini daidai yadda jiki yake buƙata, safe da yamma. Ƙwayar nan irin wannan sinadarin ce, amma ninkin abin da jiki yake so. Tana kashe ciwon gaɓɓai da gaske, shi ya sa likitoci ma suke ba da ita, na ɗan lokaci kuma da awo. Idan aka daɗe ana sha, sai ta kwashe naman cinya da dantse, ta tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, ta sa fata ta yi laushi, ƙashi ya yi rauni. Ta ce sugan da ke jininsa ya hau sosai, shi ne ƙishirwar da yawan fitsarin. Jininsa ma ya hau, kuma zuciya ce take ɗaukar wannan nauyin ba tare da ta yi ƙara ba.

Sannan ta ce abu biyu take so ya riƙe. Na farko, ba za su iya sa shi cikin binciken ba, don su ƙibar da ci da yanayin zama suke kawowa suke bi, tasa kuwa magani ne ya kawo ta, in an haɗa za a rikita lissafin. Amma za su duba shi kamar kowa. Na biyu, kada ya daina shan ƙwayar kai tsaye. Za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, ita za ta faɗi yadda za a yi.

Na lura maganar farko ce ta fi shigarsa. Fara'ar da ya shigo da ita ta tafi.

"Wato tawa ba ƙiba ba ta?" ya ce.

"Ƙiba ta, Baba. Sai dai ba tuwo ya kawo ta ba."

Ta roƙe shi ya bar mata takarda ɗaya da ta ƙare, don ta riƙa nuna wa masu zuwa tana tambayarsu ko suna sha. Ya ba ta. Aka ba mu maganin suga da na hawan jini, aka faɗa mana ranar dawowa. Da muka isa gida na dama masa fura, ya sha kaɗan ya ture, ya ce a nemo masa babur na haya zai koma Turba.

Abin da ya faru bayan nan daga bakin Inna na ji. Yana isa gida ya tattara ƙwayoyin duka, na aljihu da na cikin ƙwarya, ya zuba a masai. Inna ta tuna masa abin da na aiko yayana ya gaya mata, cewa likita ta ce a hankali. Ya ce in an gaya wa mutum akwai maciji a ɗakinsa, ba a cewa ya fitar da shi gaɓa-gaɓa. Haka Baba yake. In ya juya wa abu baya, ya juya ke nan.

Bayan 'yan kwanaki yayana ya kira ni da hantsi. Ya ce Baba ya kasa tashi, yana amai, jiri yana ɗibarsa, jikinsa ya yi sanyi yana gumi. Suka ɗauko shi a babur, shi a tsakiya yayana yana riƙe da shi ta baya. Na riga su isa asibiti. Da aka sauke shi ban gane muryarsa ba, ƙasa-ƙasa take fita. Allah ya sa likitocin ba su koma ba. Likitar ta zo da sauri, ta tambaye ni abu ɗaya, ko ya daina sha. Na ce ya zubar. Aka sa masa ruwa, aka yi masa allura. Daga baya ta gaya mini allurar irin ƙwayar da ya zubar ce.

Washegari ya farfaɗo har ya nemi kunu. Da ta zo zagaye, ya kawar da kai kamar yaron da aka kama. Ta zauna a gefen gadon.

"Baba, ƙaƙa jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Ke kika ce guba ta, kuma kika ce in ci gaba da sha. Ni ban ga yadda za a haɗa maganganun ga biyu ba."

Ta ce laifinta ne da ba ta tsaya ta warware masa sosai ba. Ta ce ya ɗauka gida ne da maƙwabta suka yi shekara biyu suna aiko wa da tuwo safe da dare. Matar gidan ta daina hura wuta, murhu ya yi sanyi, itace ya ƙare ba a sake yo wani ba. Ranar da maƙwabta suka daina aikowa ba sanarwa, me za a ci? Haka 'yan abubuwan nan na saman ƙoda suka yi, sun ga ana kawowa daga waje sun kwanta. Sai an riƙa rage na waje a hankali kafin su farka su kama aiki.

Baba ya ce, "Da haka kika ce tun farko, da ban zubar ba." Ta yi murmushi ta ce gaskiyarsa.

Daga nan aka shiga doguwar tafiya. Ana rage ƙwayar, a dakata, a sake ragewa. Likitocin binciken suka gama zamansu suka koma Sakkwato, amma ita takan zo lokaci-lokaci don bin waɗanda suka auna, ta kuma damƙa Baba a hannun ma'aikatan da ke nan. Duk ranar asibiti a wurina yake sauka. Ciwon gwiwa ya dawo kamar yadda ta ce zai dawo. Aka ba shi wani magani mai sauƙi da man shafawa, aka ce ya riƙa tafiya da sanda, kada ya zauna wuri ɗaya kuma kada ya yi wa gwiwar dole.

Abinci ne ya zama rigima. An ce fura ba suga, shayi ba suga, a rage gishiri da magi, a rage malmala, a ƙara wake da zogale da rama. Baba ya karɓa ba musu, don tsoron da ya ji a kan babur ɗin nan bai sake shi ba. Inna ce ta kasa. Tana ganin fuskarsa tana zubewa, riguna suna komawa yadda suke a da, sai hankalinta ya tashi. Gaisuwar mutane ma ta sauya. Waɗanda suke cewa Malam an samu hutu suka koma cewa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce wata muguwar cuta ce ake ɓoyewa. Mata suna shigowa dubiya su zauna su yi tagumi, alhali mutumin yana gona.

Na je na yi kwanaki a gida a lokacin. Na kama Inna tana tsiyaya man shanu a tuwonsa, ta rufe da miya. Ban yi magana a wurin ba, sai da muka zauna muna tsince wake.

"Inna, man nan ba shi zai maido da wancan jikin ba. Wancan jikin ciwo ne."

Ta ci gaba da tsintar wake ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Na sani. Amma da shina da jiki, in na shiga taro ba mai kallona. Yanzu sun koma kallona."

Ashe Baba yana bayan zana yana gyaran igiyar jaki, ya ji mu.

Washegari bayan la'asar, yayana ya ba ni labari, Baba bai tashi daga ƙofar masallaci ba. Ya ce wa dattawa su ɗan dakata yana da magana. Ya gaya musu komai, tun daga kasuwar Sabon Birni har gadon asibiti. Ya ce masu cewa ba shi da lafiya yanzu su sani lokacin da suke yi masa barka ne ba shi da lafiya. Ya ce kuma matarsa ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, shi haka Allah ya yi shi, ubansa ma haka ya rayu ya mutu. Ya ciro takardar ƙwayar ya nuna. Yayana ya ce sai ga dattawa suna laluben aljihu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wani don baya yake sha, wani don tari, wani ya ce a gidansa 'yan mata ne suke sha don su cika kafin biki. Wani ya ce yanzu zai je ya watsar.

"Kada ka watsar," in ji Baba. "Ni na watsar, saura kaɗan ku yi mini sallah. Ka tahi Isa da ita a hannu, su za su gaya maka yadda za ka rabu da ita."

Wasu sun je. Wasu sun ce su dai ba za su koma ɗingishi ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don na ga yadda Baba yake cije leɓe in zai tashi. Mai babur ɗin da ya kawo masa ƙwayar ma Baba ya same shi ya yi masa magana. Mutumin ya rantse bai sani ba, ya ce shi ma ba ya karanta Faransanci, uwarsa ma yana kai mata. Ya ce zai kai ta asibiti a can wajensu. Ban sani ba ko ya daina kawowa, don ba shi kaɗai yake kawowa ba.

Inna ta daina zuba man shanun a ɓoye. Ta koma zuba ɗan kaɗan a fili, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Sai da aka kusa zagayowar shekara kafin a raba shi da ƙwayar gaba ɗaya. Sugan ya sauka a hankali, aka rage maganinsa, daga baya aka ce ya ajiye, a dai riƙa aunawa. Hawan jinin bai tafi ba. Likitar ta ce wataƙila dama yana tafe da shekaru, ƙwayar ta ƙara masa gudu ne kawai. Har yanzu yana shan maganinsa kowace safiya. Zanen cikinsa ya dushe, ƙarfin cinya ya ɗan dawo, amma bai koma yadda yake ba. Ya bar wa yayana gonar tudu mai nisa, ya riƙe ta bayan gida, yana fita da sassafe ya yi abin da zai iya ya dawo kafin rana ta yi zafi. A masallaci ya koma gefen bango. Yayana ya yi masa 'yar kujera ta katako, ya ƙi ta da farko, yanzu shi yake ɗaukar abarsa.

Ban taɓa jin abin da binciken ya gano ba. Na tambayi likitar sau ɗaya, ta ce irin wannan aiki yana ɗaukar lokaci, sai an tattara na wurare da yawa. Ta dai ce tun daga kan Baba ba wanda yake zama a gabanta ba ta ce ya zazzage aljihunsa ba. Da na gaya masa sai ya ce to ashe ya shiga binciken ta ƙofar baya.

Da kaka ta yi, ya sa aka sussuka sabon gero daga gonar bayan gida, aka sheƙe, ya zuba a ɗan buhu ya aiko mini in kai mata. Na ɗauka na je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce ai likita ta gama zuwa Isa, an ba ta wani aiki, kuma hanya ta fara lalacewa, ba kowa yake son bin ta ba. Na tsaya da buhu a hannu ban san yadda zan yi ba. Ta ce in na yarda akwai masu jinya da suka zo daga nesa ba su da mai kawo musu abinci, sai a yi musu kunu. Na bar mata.

Da na je Turba na gaya wa Baba, ina tsoron zai ji ba daɗi. Yana zaune a inuwa ya miƙe ƙafar dama, yana ɓarar gyaɗa. Ya tambaya ko an sha kunun, na ce an sha.

"To madalla," ya ce. "In kin samu mai zuwa Sakkwato, a gaya mata gero ya yi kyau bana."

Ya turo mini kwanon gyaɗar, na zauna muka ci gaba da ɓara.